Ranar da Meli Ta Kira Ubanta Kawu

Waɗanda suka zage ni a kan rubutuna na baya, don Allah ku adana sauran zagin, yau ne za ku buƙace shi. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa ni matsoraciya ce, na ji haushi har na goge maganarta. 'Yar'uwa, duk inda kike ki yafe min, ashe ke kika fi kowa sanina.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Idalina, a gida Lina. Muna zaune a saman gidan burodinmu a unguwar Candelaria, nan Caracas. Iyayena daga tsibirin Madeira suka zo tun suna yara, amma in ka ji Mama tana magana sai ka rantse jiya ta sauko daga jirgin ruwa. A wurinta mutanen duniya kashi biyu ne, namu da sauran. Namu su ne masu gidan burodi da mahauta da masu kanti, farare irinmu, waɗanda ta san kakanninsu da ƙauyen da suka fito. A cikin namun ta zaɓar min Duarte, ɗan mai shagon nama na kan kwana. Bawan Allah ba shi da laifi, sai dai in ya zauna hira ba shi da zance sai na firji da cinyar alade.

Ni kuwa Eleazar nake so. Shi ne ma'aikacin gashin ƙashi da ya riƙa zuwa gidanmu bara, lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye. Baƙi ne wuluk, mutumin Barlovento, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada mai barci. Shi ya dawo wa Baba da hannunsa har ya koma murza ƙullun burodi. Baba ba ya kiransa sai "baƙina", kuma da so yake faɗa. Mama ma takan cika masa leda da burodi mai zafi in zai tafi. Amma cika leda daban, ba da 'ya daban, ni ma na san wannan.

Tun ina ƙarama na haddace karatun Mama a kan baƙaƙen maza kamar addu'ar coci. Wai sun iya shuka, ba su iya noma ba. Wai kowannensu yana da ɗa a kowace unguwa, ko sunayen yaran bai riƙe ba. In baƙar mace ta shigo sayen burodi da yara biyu, da ta juya baya Mama za ta taɓe baki ta ce a tambaye ta ina ubansu a ji. Ita dai ban taɓa ganin ta tambaya ba.

To Eleazar yana da 'ya. Yusmeli, shekararta shida, Meli muke ce mata. Uwarta ta tafi Peru neman aiki yarinyar tana jaririya, ta yi aurenta a can, sai gaisuwar waya jefi-jefi. Shi ya raine ta, shi da tsohuwarsa. Na sha zama a ɗakinsu ranar Lahadi ina kallonsa ya sa ta tsakanin ƙafafunsa yana mata kitso, ya ciji leɓe, matsefi a maƙale a bayan kunne, ita kuma da madubi a hannu tana masa gyara wai tsagar ta karkace. Wurin matan maƙwabta ya koya, suna masa dariya har ya fi wasunsu iyawa. Ranar da na fara ganin kitson nan na san na kamu.

Gidanmu ba wanda ya san da Meli, don ban faɗa ba. Shi kuma Eleazar bai san ina ɗauke da cikinsa ba, wata na biyu ke nan, don shi ma ban faɗa masa ba. Kun ga irin ramin da na haƙa wa kaina.

Duk dabarata a kan ranar ayaka na ɗora ta. In Kirsimeti ta gabato kowane gida da ranarsa ta naɗa ayaka, wato ƙullun masara da nama da ake ɗaurewa a ganyen ayaba a dafa, kuma a gidanmu ba a kiran bare ranar. Wanda ya sa hannu a ayakarmu ya zama ɗan gida. Bana Baba da bakinsa ya gayyaci Eleazar, ya ce mutumin da ya dawo masa da hannu dole ya ci abin da hannun ya yi. Mama dai ba ta musa ba. Muka shirya da Eleazar cewa da an ɗaure ta ƙarshe zai ja Baba gefe ya nemi aurena. Sai na roƙe shi abu ɗaya, kada ya tayar da zancen Meli sai Baba ya amince tukuna. Na ce masa a bi su a sannu, kada a haɗa musu biyu a rana ɗaya.

Ya ce ba zai tayar da zancen ba, amma in aka tambaye shi ba zai musa ba. "Ban taɓa ɓoye ta ba, Lina," ya ce. "Ban ma san yadda ake yi ba."

Ranar Asabar tun da safe aka haɗa tebura daga falo har ƙofar kicin. Na sa doguwar rigata koriya mai ƙananan furanni, wadda ba ta kama ƙugu, na ɗaura ɗankwali ja kamar sauran matan. Mama ta tsaya a kan tukunyar miyar naman da ta kwana tana hucewa, ba mai taɓa ludayinta sai ita. Gwaggo Lurdes, yayar Baba, tana shimfiɗa ƙullun masara a kan ganyen ayaba, matar Nélio yayana tana jera zaitun da zabibi da yankan tattasai, yara suna baranda suna wanke ganye suna watsa wa juna ruwa. Duarte ma yana nan, shi ya kawo naman, ya sha sabuwar riga da turare kamar mai zuwa biki. Ƙamshin miyar da nake so tun ina yarinya ranar juya min ciki yake. Sau biyu ina zamewa banɗaki, na ce zafi ne.

Wayata tana aljihu, hannuna kuma duk jan man da ake shafa wa ganye. Sai da na samu sarari na goge yatsa ɗaya na duba, na ga saƙonnin Eleazar a jere.

"Tsohuwa ta tafi ƙauye da asuba, ƙanwarta ba lafiya."

"Maƙwabciya ba ta nan. Zan taho da Meli."

"Muna ƙasa."

Ban san yadda na sauka benen nan ba. Ga su a bakin ƙofa, shi da farar riga mai dogon hannu, Meli da 'yar rigarta ruwan ɗorawa da farar safa mai leshi, an yi mata sabon kitso da duwatsu farare a bakin kowace jela. Ta riƙo faranti da alewar kwakwa, wai ta kawo wa babar Lina. Tana ganina ta rungume ƙafafuna da hannu ɗaya. Na ce wa Eleazar ƙasa-ƙasa ya kashe ni. Ya ce to ya zai yi, ya kulle ta a ɗaki? Bai rufe baki ba na ji takun silifas ɗin Mama a saman bene.

Ta leƙo tana goge hannu, ta dubi yarinyar sama da ƙasa. "Wannan 'yar kyakkyawar fa, ta waye?"

Wallahi ban yi shawara da kaina ba, bakina ne ya riga ni.

"'Yar ƙanwarsa ce, Mama."

Magana zarar bunu. Eleazar ya juyo ya dube ni, ya buɗe baki, na damƙe wuyan hannunsa da ƙarfi har jan man ya ɓata masa farar riga. Na roƙe shi da ido, irin roƙon da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya mayar da bakinsa ya rufe. Meli ta ɗaga kai ta dubi ubanta, ta dube ni, sannan a hankali ta saki rigata.

A sama Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu. A gidanmu ɗaure ayaka aikin maigida ne, shi ne mai kujerar ƙarshen tebur, amma tun ciwon nan yatsun Baba ba sa jan zare yadda ya kamata. Sai ya tashi ya miƙa wa Eleazar dunƙulen zaren a gaban kowa, ya ce zauna nan, baƙina. Duarte ya haɗiye yawu, don shekara biyu yana zuwa ba a taɓa ba shi ko almakashi ba. Da a ce wata rana ce da na yi rawa don murna. Eleazar ya zauna yana ɗauri, layi-layi, tsaf, har Gwaggo Lurdes ta ɗaga guda ta juya ta ce kai, wannan hannu kamar na mai kitso. Aka yi dariya. Ni da shi ne kawai ba mu yi ba.

Meli aka haɗa ta da yaran baranda. Yarinyar da in ta fara surutu sai an roƙe ta ta numfasa, ranar ko tari ban ji ta yi ba. Tana wanke ganye, tana gogewa, tana ajiyewa. Can ruwan sabulu ya faɗa mata ido, ta rugo a guje, na ji ta fara "Ba...", sai ta haɗiye sauran. Ta zo ta tsaya a gefensa tana jan ƙafar wandonsa ba tare da ta kira shi komai ba. Ya wanke mata idon da ruwan kofinsa, ya hura mata, ta koma. Ni ina can ina shafa mai a ganye ɗaya har ya yage.

Da rana ta yi tsaka, an ɗan sha abin sha, bakin Mama ya buɗe. Ta tambayi ina uban yarinyar. Na yi caraf na ce ya yi tafiya. Kun ji ni ko? Ƙarya ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta kira ƙannenta. Mama ta kaɗa kai ta dubi Gwaggo Lurdes, ta ce ai dama, tafiyar da ba a dawowa. Ta yi ta jan zancen, 'yar wance da aka bari da goyo, mai wankinmu ta da da 'ya'yanta uku kowanne da ubansa. Sannan ta juya wajen Eleazar da muryar tausayi, wai ita yabonsa take.

"Kai dai Allah ya saka maka, da kake ɗaukar kayan da wani ya zubar. Amma tsakaninka da Allah, mazanku ai haka suke, ko na yi ƙarya?"

Ya ja zaren da ke hannunsa har ya yanka ganyen, ƙullu ya fito. Ya dubi abin, ya ce ganyen ne bai sha wuta sosai ba. Baba ya ce, Zita, ki bar mutum ya yi aikinsa mana. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko uffan ban ce ba. A raina lissafi nake, saura kaɗan a gama, saura kaɗan ya ja Baba gefe, bayan nan zan gyara komai.

Da la'asar Nélio ya ce zai kai yara dandali ya saya musu ƙanƙara mai zaƙi. Suka yi tsalle, aka wanke hannu, aka nemo takalma. To mu yaro ba ya fita ƙofa bai nemi albarka ba. Ni da girmana har yau ba na sauka benen nan sai na ce Mama, sa min albarka. Yaran suka bi layi, kowa ya harɗe hannu a ƙirji gaban uwarsa da ubansa, ana amsa musu. Sai a lokacin hankalina ya kai inda bai kai ba tun safe. Eleazar ya taɓa gaya min Meli ko gidan maƙwabta za ta leƙa sai ta nema.

Ita ce ta ƙarshe. Ta zo ta tsaya gabansa, ta harɗe 'yan hannayenta. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla, irin kallon da ɗaliba ke yi wa malama ta ga ko ta ci amsa.

"Kawu, sa min albarka."

Ba wanda ya koya mata. Da kanta ta auna, ta ga abin da nake so ke nan, ta yi min. Jama'a, da mari ta kwaɗa min da ya fi min sauƙi.

Eleazar bai amsa ba. A garin nan ko mashayi aka nemi albarkarsa a bakin titi sai ya amsa, don haka tebur ya yi tsit. Mama ta ce, amsa mata mana, yara suna jira. Ya ajiye zaren, ya goge hannunsa da tsumma, ya ture kujera, ya durƙusa a ƙasa cikin guntayen ganye har fuskarsa ta zo daidai tata.

"Meli, dube ni. Wa ya yi miki kitson nan?"

"Kai."

"Ni wane ne?"

Ta sake waigo ni.

"Kar ki dubi kowa. Faɗi yadda kika saba."

Ta ce, "Baba, sa min albarka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya tsare min ke."

Sai kukan da ta riƙe tun safe ya ɓalle. Ya ɗauke ta ya miƙe, ta cusa fuska a wuyansa. Ludayin Mama yana hannunta a sama, miya tana ɗiga a kan tebur. Ta dubi Gwaggo Lurdes, kuma wallahi har da ɗan haske a fuskarta, irin na wanda maganarsa ta tabbata. Ta ce ashe dai, ba ta faɗa ba? Ina uwar yarinyar kuma, ko ita ma an bar ta a wata unguwar?

Bai ɗaga murya ba. "Dona Zita, kin ce muna haifa mu gudu. To ga tawa a hannuna. Tun tana shan madarar kwalba ban taɓa kwana ban san abin da ta ci ba. Yau ne kawai na wuni ba ni da 'ya, kuma a gidanku ne."

Ya juya wajen Baba ya ce ya ci gaba da motsa yatsun nan safe da yamma, kada ya yi wasa. Ni ko kallona bai yi ba. Na bi su bene ina kiran sunansa, ɗankwalina ya zame ban tsaya ɗauka ba. A bakin ƙofa na sha gabansa, na ce tsoro ne, tsoro ne kawai ya sa ni, ya tsaya in koma sama in faɗa musu komai.

"Ba ke kaɗai ba ce, Lina," ya ce. "Ni ma na yi shiru tana kallona. Wannan ne ba zan yafe wa kaina ba."

Ya ratse ni ya nufi tashar jirgin ƙasa. Na tsaya ina kallon duwatsun kitsonta suna lilo a kafaɗarsa har suka sha kwana. Ba ta ɗago ba.

Da na koma sama Duarte ya haye kujerar ƙarshen tebur yana ɗauri, ayaka sai zamewa take daga hannunsa. Baba ya sauka wurin tanda, alhali ba lokacin gashi ba ne. Mama da Gwaggo sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, farantin alewar kwakwa yana kan firji ba wanda ya taɓa. Na shige ɗaki na murza makulli. Na rubuta wa Eleazar haƙuri iri-iri, na goge, na sake, na tura. Na kira, ya katse. Na ce ya ba ni Meli in roƙe ta da bakina. Duk yana karantawa, ina ganin alamar, amma ko harafi ɗaya bai maido ba.

Yau Lahadi na ce kaina ke ciwo, suka tafi coci suka bar ni. Na zauna a bakin gado da rigar jiya a jikina, na rubuta abin da na so in faɗa masa cikin farin ciki, hannuna cikin nasa: "Ina da ciki. Naka ne. Wata biyu." Na san abin da za ku ce, cewa igiya na jefa in ɗaure shi. Ban musa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake, ya daina. Can sai ga saƙon murya. Na kara a kunne. A bayansa ina jin ƙarar suya da muryar Meli tana tambayar ina ɗaya takalminta.

"Na ji, Lina. Ɗan da ke cikinki ba zai taɓa neman ubansa ya rasa ba, wannan ba sai kin roƙa ba. Duk ranar awo ki gaya min, zan zo. Zancen aure kuma ki ajiye shi tukuna. Abu ɗaya nake so ki amsa, ba ni za ki amsa wa ba. In ya fito da kalata, mahaifiyarki ta leƙo daga saman bene ta ce na waye, me za ki ce?"

Na saurara har sau uku. Ina cikin na ukun na ji an murɗa ƙofa, ashe na manta ban kulle ba. Mama ce, ko rigar coci ba ta cire ba, da kofin ruwan lemun tsami a hannunta. Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta zauna kusa da ni, abin da rabonta da yi tun ina makarantar firamare. Ta miƙa min kofin.

"Na ga yadda kike gudun tukunyata jiya," ta ce. "Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba."

Na kasa ɗago kai. Wayar tana cinyata a buɗe, sunansa a sama, alama ta nuna yana nan bai sauka ba. Mama ta kama haɓata ta ɗago fuskata, idonta ya cika da ruwa taf.

"Ki ce min cikin nan na Duarte ne, Lina. Don girman Allah ki ce min na Duarte ne."